Tura ƙarfe sama da kai: yana gyara kafaɗa ne ko yana cinye ta?

"Assalamu alaikum. Ni tela ne a Tudun Wada, Kaduna, shekaruna 37. Kusan shekara biyu ke nan ina ɗaga ƙarfe da yamma a wani wuri a unguwarmu, kuma yawanci benci, wato tura ƙarfe daga ƙirji ana kwance, da ƙwanji muke yi. Kwanan nan kafaɗata ta dama ta fara yi mini tsami duk lokacin da na miƙa hannu zan sauko da yadi daga kanta ta sama. Wani abokina ya ce in fara tura ƙarfe sama da kai, shi zai gyara ta. Wani kuma ya ce kada in kuskura, wannan motsin shi ke cinye kafaɗa. Maganar wa zan kama?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara sauƙi. Abin da kake son sani shi ne, mutumin da kafaɗarsa ta fara ƙorafi, tura nauyi sama magani ne gare shi ko ƙarin ciwo. Na fi karkata ga abokinka na farko, amma da sharaɗi: sai hannunka ya iya kaiwa sama tsaf babu nauyi kafin a ɗora masa nauyi, sannan nauyin ya riƙa hawa a hankali. Abokinka na biyu ma ba daga iska ya ɗauko maganarsa ba, ya ga waɗanda suka tsallake wannan sharaɗin ne. Ban taɓa kafaɗarka da hannuna ba, don haka abin da zan faɗa bayani ne na gama-gari, ba ya maye gurbin duba na ido da ido.

Yadda kafaɗa take

Kan ƙashin damtse dunƙulalle ne, yana zaune a wani ɗan gurbi da ke jikin allon kafaɗa. Gurbin ba shi da zurfi, kamar ka ɗora lemo a kan murfin kwalba. Wannan ne ya sa kafaɗa ta fi kowace gaɓa a jiki sakewa, kuma shi ya sa ta fi saurin gocewa. Abin da ƙashi bai yi ba, tsoka ke yi. Akwai tsokoki huɗu ƙanana da suka taso daga allon kafaɗa suka naɗe kan ƙashin damtse, likitoci na ce musu roteta kof: ɗaya a sama, biyu a baya, ɗaya a gaba. Aikinsu riƙe kan ƙashin a tsakiyar gurbinsa yayin da babbar tsokar kafaɗa, wadda ake gani a madubi, ke ɗaga hannu. A samansu akwai wani ɓangare na allon kafaɗa da ya yi musu rumfa, jijiyar da ta haɗa tsokar sama da ƙashin damtse tana ratsawa ta ƙarƙashinsa.

Abin da yawancin 'yan ɗaga ƙarfe ba su lura da shi ba shi ne, allon kafaɗa kansa yana tafiya. Ba a ɗaure yake da haƙarƙari ba, zamewa yake yi a kansu. Idan ka ɗaga hannu daga gefen cinya har ya miƙe sama, digiri 180 ke nan. Kimanin 120 daga ciki gaɓar ce ke bayarwa, sauran 60 ɗin allon kafaɗa ne ke juyawa sama. Ka sa tafin hannun hagu a ƙarƙashin hammatar dama, can baya kaɗan, ka ɗaga hannun dama a hankali, za ka ji ƙasan allon yana zagayowa yana taɓa yatsunka. Juyin nan shi ke ɗage rumfar ya ba jijiya wuri, shi ke kuma juya gurbin ya fuskanci sama yadda nauyi zai sauka a kan ƙashi maimakon ya rataya a jijiya. Masu juya shi su ne tsokar da ke manne da haƙarƙari ƙarƙashin hammata, da ɓangaren sama da na ƙasa na faffaɗar tsokar da ta sauko daga wuya zuwa tsakiyar baya.

Abin da benci ba ya ba ka

Yanzu dubi yadda kake yin benci. Kana kwance, allunan kafaɗa biyu a matse a baya, nauyin jikinka da na ƙarfe sun danne su a kan katako. Haka ya kamata a yi benci, ba laifi ba ne. Amma shekara biyu kana ƙarfafa ƙirji da gaban kafaɗa alhali allon a daskare yake, hannu kuma bai taɓa wuce daidai ƙirji da nauyi ba. Ka haɗa da sana'arka: awa shida ko takwas a duƙe kan keke, kai a gaba, gadon baya a ranƙwafe, hannaye a ƙasa. Kafaɗar ta yi ƙarfi a wuri ɗaya, ta zama baƙuwa a sama. Ranar da ka miƙa hannu zuwa kantar sama ka jawo bandir ɗin shadda, sai ka tura ta aiki a inda ba ta saba ba.

A nan turin sama yake da amfani. A tsaye kake, babu abin da ya danne allon, dole ya juya tare da hannu. Tsokoki huɗun nan suna aiki daga farko har ƙarshe, suna riƙe kan ƙashi yayin da nauyi ke hawa. Gadon baya yana koyon miƙewa, ciki da mazaunai suna koyon riƙe gangar jiki. Jijiya kuwa, kamar tsoka, tana ƙara ƙwari idan ana ba ta aiki daidai gwargwado, sai dai ta fi tsoka jinkiri. Tsoka kan nuna canji cikin makonni kaɗan, jijiya na son kamar wata uku. Rauni kan faru a tsakanin nan, mutum ya ji ƙarfi ya zo ya ƙara nauyi, jijiya kuma ba ta iso ba.

Kariyar ke nan a sauƙaƙe. Wanda ya saba tura kilo 30 sama sau takwas, ɗora jakar kilo 10 a kan sif ba komai ba ne wurin kafaɗarsa. Wanda bai taɓa ɗaga komai sama ba, jakar nan ita ce iyakar ƙarfinsa, kuma a bakin iyaka ake jin ciwo.

Kada dai a zuzuta. Binciken da ya fi fitowa fili kan kare kafaɗa an yi shi ne a Nowe kan 'yan ƙwallon hannu 660, aka wallafa a 2017. Waɗanda suka riƙa yin wani tsari na motsa jiki sau uku a mako kafin atisaye sun samu raguwar matsalar kafaɗa da kimanin kashi 28 cikin 100. Tsarin ya ƙunshi ƙarfafa tsokokin da ke juya hannu waje, da na allon kafaɗa, da sassauta gadon baya. Wato haɗin gambiza ne ya yi aikin. Turin sama yana taɓa da yawa daga cikin waɗannan, amma shi kaɗai ba laya ba ne.

Inda tsoron ya samo asali

A 1972 wani likitan ƙashi na Amurka, Charles Neer, ya bayyana cewa wani irin ciwon kafaɗa mai daɗewa yana zuwa ne daga gogar da rumfar nan ke yi wa jijiya idan an ɗaga hannu. Maganar ta karɓu, aka yi shekaru ana tiyatar kankare ƙasan rumfar, ana kuma gaya wa mutane su daina ɗaga hannu sama. A 1972 ɗin dai aka yi gasar Olamfik ta Munik, wadda daga ita aka cire turin sama daga gasar ɗaga ƙarfe. Mutane kan haɗa abubuwan biyu, alhali dalilin cirewar alƙalanci ne: 'yan wasa sun riƙa kwantawa baya sosai har alƙalai suka kasa tantance turin da ya halatta.

Daga baya an gwada ra'ayin gogar. A 2018 aka wallafa manyan bincike biyu, ɗaya daga Birtaniya ɗaya daga Finlan, inda aka kwatanta waɗanda aka kankare musu ƙashi da waɗanda aka shiga da na'urar leƙe kawai ba a kankare komai ba. Ba a samu wani bambanci na a zo a gani tsakaninsu ba. Shi ya sa a yau, ciwo irin wanda ka kwatanta, motsa jiki mai ƙarfafawa ake fara ba shi, kuma an fi kallonsa a matsayin jijiyar da aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinta.

Gwaji kafin ka taɓa ƙarfe

Jingina da bango, dugaduganka kamar taƙi ɗaya daga gare shi. Mazaunai, gadon baya da ƙeya su taɓa bango, ƙugu kuma kada ya bar ramin da ya wuce kaurin tafin hannu. Ɗaga hannaye biyu a miƙe ta gaba, manyan yatsu suna kallon baya, har su taɓa bango sama da kanka. Idan sun taɓa ba tare da ka gantsare ba, ba ka lanƙwasa gwiwar hannu ba, kuma babu zafi mai suka, hanya a buɗe take.

Idan sun tsaya a hanya, ko sai ka banƙare kafin su kai, to kada ka fara da turi a miƙe. Ɗauki doguwar sandar ƙarfe ka kafa bakinta ɗaya a kusurwar ɗaki, ka naɗe shi da tsumma don kada ya fasa fulasta. Durƙusa da gwiwa ɗaya, ka riƙe ɗaya bakin a gaban kafaɗa da hannun da ke gefen gwiwar da ke ƙasa, ka tura shi gaba da sama a karkace, ka bar allon kafaɗa ya bi hannu har ƙarshe. Wannan yana ba ka kusan duk amfanin ba tare da neman ƙarshen miƙewa ba. Mako uku zuwa huɗu a kai, tare da miƙe gadon baya kullum a kan makarin kujera, sai ka sake gwajin bango.

Ko da ka ci gwajin, tunda akwai tsami, dambel, wato gajerun ƙarafan da ake riƙe ɗaya a kowane hannu, nake fara ba irinku kafin doguwar sanda. Riƙe su tafukan hannu suna kallon juna, gwiwoyin hannu a gaba kaɗan, kamar digiri 30 daga layin gefen jiki. A wannan layin allon kafaɗa yake fuskanta, kuma gaɓar ta fi sakewa a nan.

Yadda ake turin da doguwar sanda

Ƙafafu daidai faɗin ƙugu. Riƙo ya ɗan wuce faɗin kafaɗa da kamar yatsa biyu kowane gefe. Sandar ta zauna a gindin tafin hannu, kusa da wuyan hannu, kada ta gangara can wajen yatsu ta karya wuyan hannu baya. Gwiwoyin hannu su shiga gaban sandar kaɗan, yadda hannu daga gwiwa zuwa wuyansa zai tsaya a miƙe idan an kalle ka ta gaba ko ta gefe. Ja numfashi, ɗaure ciki kamar wanda za a kai wa naushi, matse mazaunai. Ja haɓa baya don sandar ta wuce fuska, ka tura ta sama a miƙe tana kusan shafar hanci. Da zarar ta wuce goshi, mayar da kai gaba ya shiga tsakanin hannaye. A ƙarshe sandar, kafaɗa, ƙugu da tsakiyar tafin ƙafa duk suna layi ɗaya, damatsa kusa da kunnuwa. Can sama ka ƙara miƙawa kamar kana son taɓa silin, ka bar kafaɗu su ɗago. Sauko da ita cikin daƙiƙa biyu zuwa saman ƙirji.

Wannan miƙawar ta ƙarshe ita ake yawan ɓatawa. Wanda ya saba da benci ya haddace cewa a matse allon kafaɗa baya a danne shi ƙasa, sai ya kawo dokar nan turin sama. To ka hana allon juyawa, ka kuma tilasta wa hannu hawa, digiri 60 ɗin nan daga ina za su fito? Sai gaɓa da ƙugu su biya bashin. Idan mai horar da ku yana ce maka ka danne kafaɗa ƙasa alhali ƙarfe na sama, wannan umarnin na benci ne ya ɓace hanya.

Kuskure na biyu gantsarewa. Nauyi ya yi yawa, sai mutum ya kwanta baya don ƙirji ya taimaka, haƙarƙari su ɓullo, ƙugu ya karye ciki. Washegari ciwon baya. Na uku barin sandar ta yi gaba saboda tsoron buge haɓa. Kowane inci da ta yi nesa da jiki ƙarin aiki ne ga gaban kafaɗa, daidai wurin da ke yi maka tsami. Sai turi ta bayan wuya, wanda matasa ke so don a ce sun iya. Yana kai hannu gefe ya murɗa shi waje har ƙarshe, matsayin da kafaɗa ta fi gocewa a cikinsa. Mai sassauƙar kafaɗa zai iya yinsa lafiya, amma tela mai shekara 37 da ciwo a dama ba shi da abin nema a can.

Mai hawan jini kada ya riƙe numfashi, ya fitar da shi yayin turawa, kuma ya tsaya a nauyi matsakaici.

Nawa, sau nawa

Sau biyu a mako, da aƙalla kwana biyu a tsakani. Zagaye uku, kowanne turi 8 zuwa 10, hutun minti biyu. Zaɓi nauyin da idan ka gama za ka ji saura biyu ko uku a jikinka. Sandar da ake gasa da ita kilo 20 ce ta maza, 15 ta mata, kuma ga mutane da yawa ita kaɗai, babu farantan nauyi da ake sa mata a gefe biyu, ta isa farawa. Da dambel, kilo 4 zuwa 6 kowane hannu ba abin kunya ba ne. Idan ka cika 10 a zagaye ukun sau biyu a jere da tsari mai kyau, ƙara kilo 1 zuwa 2 gaba ɗaya.

A nan wuraren ɗaga ƙarfe na unguwa suke da matsala. Farantan siminti da aka zuba a gwangwanin fenti, ko ƙarafan mota da aka huda, ba kasafai nauyinsu ke zuwa ɗaya ba, kuma mafi ƙanƙanta yakan kai kilo 5. Ka sa ɗaya kowane gefe, ka yi tsallen kilo 10 ke nan. A benci jiki zai iya haɗiye wannan, a turin sama ya yi yawa ƙwarai: daga 30 zuwa 40 ƙarin kashi ɗaya cikin uku ne a rana guda. Ka je Panteka a yanka maka ƙananan faranti biyu na rabin kilo da biyu na kilo ɗaya, ramin daidai kaurin sandarku. Sauran farantan kuma ku kai su wurin mai sikeli, ko na mai sayar da gas, ku auna ku rubuta nauyin kowanne da fenti. Bambancin kilo ɗaya da rabi tsakanin dama da hagu ba ya ganuwa da ido, amma kafaɗa tana sane da shi.

Ma'aunin zafi kuwa, ka ɗauka daga 0 zuwa 10. Tsami har zuwa 3 lokacin motsi ba damuwa, muddin ya lafa cikin awa 24 kuma bai ƙaru daga mako zuwa mako ba. Idan ya wuce haka, rage nauyi da kashi ɗaya cikin biyar ko ka koma turin kusurwa. Kada ka sha maganin kashe zafi kafin atisaye don ka iya ɗagawa, ka kashe ma'aunin da kake dogaro da shi ke nan.

Abin da zai raka shi

Na wata ɗaya da rabi, rage benci zuwa rabin abin da kake yi, ka matso da riƙo ciki, gwiwoyin hannu kada su buɗe su yi daidai da kafaɗa. Duk zagayen turi ɗaya, na sama ko na benci, ka yi aƙalla zagaye ɗaya na ja, wato jawo nauyi zuwa ciki kana duƙe. Ka yanko tsohon tiyub na babur, faɗin yatsa biyu, ka ɗaura a ƙarfen taga daidai tsayin gwiwar hannu. Tsaya ta gefe, gwiwar hannu manne da haƙarƙari da ɗan tawul a tsakani, ka juya hannu waje a hankali, sau 15, zagaye biyu. Ba ya burge kowa, amma shi ke ciyar da tsokoki biyun nan na baya da benci ya yi watsi da su.

Ɗumama jiki minti biyar zuwa takwas, musamman a hunturun Disamba da Janairu da jiki ke ɗaurewa: zagaya hannaye, jan tiyub, sannan turi 10 da sanda babu faranti. A shago kuma, duk minti 40 ka tashi daga keke ka miƙa hannaye sama sau biyar.

Lokacin da za a ajiye ƙarfe a nufi asibiti

Idan ciwon ya biyo bayan faɗuwa ko haɗarin babur kuma hannu ya ƙi ɗaguwa, ko yana faɗowa da kansa idan an ɗaga maka shi, wataƙila jijiya ta yage, hoto ake buƙata. Idan kafaɗar ta taɓa gocewa, ko kana jin kamar za ta fita idan ka kai hannu baya, sai an duba kafin turin sama. Zafin da ke tashe ka daga barci dare bayan dare, ko sandarewar da ko wani ne ya ɗaga maka hannun ba ya tafiya, alamar daskarewar kafaɗa ce, wadda ta fi kama masu shekara 40 zuwa 60 da masu ciwon suga, kuma maganinta daban ne. Zafi mai saukowa har yatsu tare da mutuwar hannu ko jin kamar tafiyar kiyashi, sau da yawa daga wuya yake. Mai sikila da ciwon kafaɗa ya daɗe masa kada ya ɗauka na ƙarfe ne, domin sikila kan toshe jinin da ke ciyar da kan ƙashin damtse, sai an yi hoto. Kumburi da ja da zazzaɓi na gaggawa ne. Haka ciwon kafaɗa ko hannun hagu tare da nauyin ƙirji, gumi da haki, wannan zuciya ce, a tafi nan take.

Idan babu ko ɗaya cikin waɗannan, ka ba tsarin mako shida. Samu ɗan littafi ka riƙa rubuta kwanan wata, nauyi, yawan turi da lambar zafi lokacin motsi da kuma washegari. Duk Juma'a ka miƙa hannu zuwa kantar nan ta sama ka ba tsamin lamba. Idan mako shida sun cika lambar ba ta sauko ba, ɗauki littafin ka je sashen fisiyo, wato na masu gyaran gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki, na Asibitin Barau Dikko ko na Shika a Zariya, ka nuna musu daidai tsayin da hannu ke kaiwa kafin zafin ya fara.